Dodon Cakulan a Gidan Baba Ilu

Ku matso kusa, ku kife wayoyin nan. Labarin ba na dariya ba ne, kuma in na kai ƙarshe babu mai tashi sai ya faɗi ra'ayinsa. Wanda ya san zai ce mini "ai duka sun yi ƙoƙari" ya ɗauki takalminsa tun yanzu. Na tsani wannan amsar, amsar matsorata ce.

A Gusau aka yi wata mata mai suna Saude, sana'arta dafa alewar madara. Mace ce mai jiki, mai fara'a, in tana dariya har maƙwabta na uku sai sun ji. Mijinta ya rasu a haɗarin mota, sai ta koma gidan mahaifinta, Baba Ilu, ita da 'yarta guda ɗaya, Lubabatu, wadda ake kira Luba, mai shekara shida. Baba Ilu tsoho ne, matarsa ta daɗe da rasuwa, ciwon sukari ya cinye masa ido, sai dishi-dishi yake gani. Saude ce idonsa, ita ce ƙafarsa.

Wata rana cikin bazara, Saude na tsaye tana juya alewa ta ce kanta na sara mata. Ta shiga ɗaki ta kwanta. Kafin azahar rai ya yi halinsa. Aka tura Luba gidan maƙwabta, aka yi wanka, aka yi salla, aka kai Saude. Da yarinyar ta dawo sai ta tarar da ƙofar gida cike da takalma, ɗakin uwarta kuma da kwaɗo.

Kun dai san halinmu. Ba ma gaya wa yaro mutuwa, wai muna tausayinsa. Duk wanda Luba ta tambaya sai ya ce, "Ummanki ta tafi unguwa." Ta tambaya da safe, ta tambaya da rana, ta je ta zauna a zaure tana leƙen hanya. Ranar sadakar uku, gida ya cika maƙil, ana ta rabon abinci, ta kama zanen wata daga cikin masu hidima tana ja. Matar nan ga tire a hannu, ga gumi, ga ido duk ya kumbura da kuka. Ta fizge zanenta ta ce, "Ke, dodo ne ya ɗauke ta! In kika ƙara tambaya ke ma zai zo."

Luba ba ta ƙara tambaya ba. Kowa ya ji daɗi, aka ce yarinya ta haƙura.

Sai dai daga ranar ta fara ture kwano. Tuwo a'a, shinkafa a'a, ko alewar da uwarta ta bari a roba ba ta kalla. Sai ruwa, sai cokali ɗaya na kunu in an danne ta. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka kai ta asibiti aka ƙara mata ruwa. Likita ya duba jini, ya duba ciki, ya ce shi bai ga ciwo ba, amma in aka ci gaba a haka, jikin nan ba zai daɗe yana ɗauka ba. Ƙafafunta suka koma kamar karan dawa. Wuyanta ya kasa riƙe kanta.

A nan mutum uku suka shigo labarin.

Ta farko Gwaggo Lantana ce, ƙanwar mahaifin Luba, mai kitso a Ƙauran Namoda. Ta riga ta koma gida bayan makoki, da ta ji halin da ake ciki ta bar 'ya'yanta huɗu wajen maƙwabciya, ta bar miji yana mita, ta dawo. Kowa cokali yake zuwa wa Luba da shi. Ita da kibiyar tsifa ta zo. Ba ta ce mata ci ba ko sau ɗaya. Kullum da hantsi sai ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta, ta tsefe kan, ta kitse, gobe ta sake tsefewa. Duk mai kitso ta san wannan: abin da mutum ba zai faɗa yana kallon idonka ba, zai faɗa in ya ba ka baya kana taɓa kansa. Kwana takwas babu kalma. A rana ta tara yarinyar ta buɗe baki, murya kamar ta kyanwa.

"Gwaggo, na rame sosai?"

"Kin rame, uwata." Haka take kiranta, don sunan mahaifiyarsu aka sa mata.

"To alhamdulillahi. Ba zai so ni ba."

"Wa?"

"Dodo. Masu ƙiba yake ci. Umma tana da ƙiba."

Ta ja hannun Lantana zuwa bayan ƙyauren ɗaki, ta nuna mata bango. Ta zana shi da gawayi: kai kamar ƙwarya, ido ɗaya a tsakiyar goshi, ƙaho uku, harshe har ƙirji, ga wani ƙaton tumbi, a cikin tumbin kuma ga 'yar mace a tsugune.

Nan take Lantana ta tuna. Don matar nan mai tire ta ranar sadakar uku ba wata ba ce, ita ce. Babu wanda ya ji ta, ita kanta ta manta ta faɗa. Da ta so, da sai ta ce wata baƙuwa ce ta tsorata yarinya, a yi ta tsine wa wadda ba a sani ba. Ba ta yi haka ba. Ta je gaban Baba Ilu, a gaban 'ya'yansa, ta durƙusa ta ce, "Baba, bakina ne ya jawo." Sannan ta koma wajen Luba ta rantse mata babu wani dodo, Umma rasuwa ta yi. Baba Ilu ma ya faɗa mata, har sau biyu. Yarinyar ta dube su da manyan idanun nan ta ce, "Da kun ce unguwa. Sai kuka ce dodo. Yanzu tsoronsa kuke ji." Ta juya ta fuskanci bango.

Kada wani ya taɓe mini baki a kan Lantana. Waye a nan bai taɓa ce wa yaro dodo zai kama shi ba? Ku ɗaga hannu in gani. Babu? To ku yi shiru ku ji.

Ta biyu Balaraba ce, ƙanwar Saude, autar Baba Ilu. A Kaduna take aure, tana yin kek da cincin na biki, kuma ba wanda ya koya mata, a waya ta gani ta yi ta ɓatawa har ta iya. Ita ma da nata tabon. Shekara guda ba sa magana da Saude, wai don a wani suna Saude ta ɗanɗana kek ɗinta ta ce, "Burodin 'yan gayu ke nan?" mata suka yi dariya. Mako guda kafin rasuwarta, Saude ta kira ta sau uku, Balaraba na kallon wayar har ta katse. Ranar da Lantana ta yi furucinta, sai da aka riƙe Balaraba, da ta shaƙe ta. Da ta huce ta je bayan ƙyauren ta tsaya gaban zanen, ta daɗe. Ta fito ta ce, "Baba, magana ba za ta cire wannan abu daga kanta ba. In dodo ne ke cin yara, to bari ta ga yara suna cin dodo."

Saura kwana goma sha uku sadakar arba'in. Ta ce a maimakon waina da gumba da ake raba wa yaran unguwa, za ta tara su a tsakar gida ta ba su dodon Luba, wanda aka yi da cakulan. Tsofaffin gidan suka yi caa. Sadakar mamaciya da siffar aljani? Ina aka taɓa yi? Baba Ilu ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Ku bar ta. Ni ba na gani, amma ina jin numfashin jikata, kuma kullum raguwa yake."

Faɗa da baki ya fi yi sauƙi. Bazara ce, ta Gusau, unguwar kuma ta yi wata guda babu wuta. Balaraba ta shiga madafin Saude, wurin da ta taɓa rantsuwa ba za ta sake takawa ba. Ta haɗa hodar cakulan da madarar gari da niƙaƙƙen sukari da bota, ta narkar a ƙaramin kwano bisa ruwan zafi. Ya yi daɗi, amma ya ƙi daskarewa. Ta sayo ƙanƙara ta sa a kula, ya daskare, tana fitowa da shi ya koma taɓo a tafin hannunta. Ta rage bota, ya zama gari. Ta ƙara, ya zama miya. Sau huɗu tana zubarwa. Ana cikin haka aka yi ta kiranta daga Kaduna, don ta karɓi aikin wani babban biki, irin wanda in ka yi shi sunanka ya fita ke nan. Ta ce a ba wata. Uwar amarya ta bi gidajen biki tana ɓata ta, har yau kasuwarta ba ta koma daidai ba.

A rana ta shida tana zaune ta haɗa kai da gwiwa, idonta ya faɗa kan wani gwangwanin man kaɗe da Saude ke ajiyewa a taga. Da wannan uban zafin, man nan yana nan a daskare. Ta zabura. Ta je kasuwa ta nemo sabo fari, irin wanda ake girki da shi, ta tafasa shi da ruwa, ta tace, ta sake tafasawa har warin ya tafi. Ta maye botar da shi. Na farko ya yi ɗaci, na biyu ya naɗe harshe. Ita ce mai ɗanɗanawa, har sai da cikinta ya juya ta yi ta amai a bayan madafi. Na bakwai ya tsaya. Ta ajiye shi a inuwa tun hantsi har la'asar bai narke ba, amma ana sa shi a baki sai ya saki.

Saura siffa. Ta gwada murzawa da hannu, abin ya fito kamar kashin jaki. Ta kuma san in ba dodon bango ne ya fito sak ba, da idonsa ɗaya da ƙahonsa uku, Luba za ta ce wannan wani ne daban.

Na uku shi ne Kawu Ɗanjuma, yayan Saude da Balaraba, maƙerin tukwanen dalma a Funtuwa. Mutum ne da in ya yi kalma goma a yini an ce yau ya yi surutu. Lokacin da mijin Saude ya rasu ya yi alkawari a gaban jama'a zai ɗauke su ita da 'yarta, ya gina musu ɗaki. Bulo ko ɗaya bai ɗora ba, kunya ta sa ya shekara biyu bai taka Gusau ba, har Luba ba ta gane fuskarsa sosai. Ya tsuguna gaban bangon, ya kwafi zanen a takardar buhun siminti, layi bayan layi. Ya shiga madafi ya ɗauki babbar tukunyar da Saude ke dafa alewa, ya sa a buhu ya tafi tasha.

Mazubi zai ƙera, wanda za a zuba cakulan a ciki ya fito da siffar dodon. Me ya sa tukunyar zai narkar? Domin tarkacen da suke narkarwa har da ɓaraguzan inji, ya ce ba zai zuba abincin yara a cikin wannan ba. Ya fara gina dodon da yumɓu, guda shida, kowanne ɓari biyu, gaba da baya, da rami a tumbin don Balaraba ta ce za ta cika shi da gyaɗa. Abokan sana'arsa suka leƙo suka gani. Ɗaya ya ce, "Ɗanjuma, gumaka ka koma ƙerawa?" Wanda suke haɗa maƙera da shi ya ce shi hannunsa ba zai taɓa wannan aiki ba. Zubin dalma kuwa aikin mutum biyu ne, ɗaya na riƙe nan, ɗaya na riƙe can. Ya bari sai ranar Juma'a bayan masallaci, da kowa ya watse, ya hura wuta shi kaɗai. Saboda sauri bai bar ƙasar zubin ta bushe sosai ba. Narkakkiyar dalma tana taɓa danshi ta yi tsalle ta sauka a bayan hannunsa na dama.

Na taɓa ganin ƙunar dalma, ba na fatan ku gani. Mutumin nan ya naɗe hannun da rigarsa, ya busar da wata ƙasar a bakin wuta, ya tattara abin da ya rage na tukunyar ƙanwarsa, ya sake narkarwa, ya zuba da hagu. Sai da mazubin ya huce, ya goge shi ya ga ƙaho uku sun fito, sannan ya tafi asibiti. Yatsu uku sun ƙandare. Maƙerin da ya shekara ashirin da biyu yana zubi, yanzu ko ludayi ba ya iya ɗagawa da dama.

Ranar arba'in da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya. Yara sun fi ashirin. Balaraba ta fito da babban tire a rufe da faifai. Ta yi wa kowane dodo ido da farar alewar madara irin ta Saude, ta rina harshen da zoɓo ya yi ja wur. Lantana ta fito da Luba a kafaɗa, ta zauna da ita a cinya. Ɗanjuma yana tsaye jikin bango da hannu a naɗe. Aka ɗage faifan.

Yara suka kwashe da ihu, wasu suka ruga zaure, wani ƙarami ya fashe da kuka. Luba ta ƙanƙame Gwaggonta, jikinta ya sandare. Na rantse muku, a wannan lokacin kowa ya ɗauka an ƙarasa kashe yarinyar ne. Sai wata 'yar maƙwabta mai giɓi, Tasalla, wadda kwaɗayinta ya fi tsoronta, ta miƙa hannu ta ɗauki ɗaya, ta rufe ido ta gatsa ƙaho.

"Kai! Wallahi zaƙi ne da shi!"

Shi ke nan, aka yi wa tiren rubdugu. "Na cinye idonsa!" "Ni na cire masa kai!" "Ke, bar mini harshen!" Baki duk ya yi baƙi, ana ta dariya a gidan da aka yi kwana arba'in ba a yi ba. Luba tana kallo. Can sai ta saki wuyan Lantana, ta miƙa ɗan siririn hannunta. Balaraba ta ɗora mata ɗaya. Manya duk suka zuba mata ido.

Ba ta kai baki ba. Ta sa manyan yatsunta biyu ta fasa tumbin. Gyaɗa ta zube a cinyarta, ta tona ta, ta leƙa ramin. Ta miƙa hannu aka ba ta wani. Ta fasa, ta leƙa. Ta fasa na uku. Sannan ta ɗago.

"Anti, Umma ba ta ciki."

Babu wanda ya yi tunanin wannan a cikinsu. Balaraba ta toshe baki da mayafi. Ɗanjuma ya juya ya kifa goshi a bango. Baba Ilu ne ya lallaɓo da sandarsa, ya lalubi kan yarinyar.

"Ba ta ciki, amaryata. Ba a cinye ta ba. Rasuwa ta yi, irin ta Abbanki. Mun yi mata wanka, mun yi mata salla, mun kwantar da ita."

"Ba za ta dawo ba?"

"Ba za ta dawo ba."

Maganar da ya faɗa mata sau biyu ta ƙi yarda, yau ta shiga, don ta duba da hannunta. Sai ga kuka. Tun ranar da uwarta ta rasu ba ta yi ba sai yau. Ta yi shi har yaran suka yi tsit, har gutsuren da ke damƙe a hannunta ya narke ya bi yatsunta. Da ta gaji, tana shessheƙa, ta lashi yatsun. Ta ɗauki kan dodon ta tauna. Kafin azahar ta ce a ba ta kunu.

Luba ta rayu. Amma kada ku gyara zama, ban gama ba.

Wata biyu bayan haka ƙafar Baba Ilu ta kumbura, ya kwanta, ya san ba tashi zai yi ba. Ya tara su ukun ya ce, "Gidan nan zai zama kango. Yarinya ɗaya ce, ba a raba ta uku, kuma ba na son a riƙa yawo da ita gari-gari kamar kayan aro. Ɗayanku zai riƙe ta."

Lantana ta ce, "Baba, ni na ɓata, ni na tono. Da ban zauna kwana tara ba, da an binne ta ba a san abin da ya kashe ta ba. Jinin yayana ce."

Balaraba ta ce, "Sanin ciwo ai ba magani ba ne. An sani, an yi rantsuwa, ta juya wa kowa baya. Dabarar tawa ce, kuma 'yar Yaya Saude ce, ina da abin da zan rama mata."

Ɗanjuma ya ɗora ƙandararren hannunsa a kan tabarma ya ce, "Na taɓa saɓa alkawari a kanta sau ɗaya. Ɗakin na gina shi yanzu."

Baba ya sa aka kira Luba, ya ce, "Amaryata, wa kike so ki bi?" Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Wanda ba zai ƙara yi mini ƙarya ba." Duka ukun suka sunkuyar da kai, don babu wanda bai ce mata "ta tafi unguwa" ba a cikinsu.

Na san akwai masu karatu a nan da za su ce ai shari'a ta riga ta jera wanda ke gaba da wani a riƙon maraya. Na sani, ba yau aka haife ni ba. Amma su ukun sun yi wa tsohon alkawari ba za su je gaban alƙali ba, duk wanda ya zaɓa sun yarda. Shi kuwa ya ce a ba shi zuwa Juma'a ya yi tunani, ranar Alhamis da walaha aka kai shi makwancinsa bai furta ba. Yarinyar tana nan zaune a kan akwatinta a tsakar gida, rungume da mazubin da aka yi da tukunyar uwarta, motoci uku na jira a tasha.

Wadda ta jefa ta a ramin da bakinta, ta kuma tono gaskiya ta tona kanta. Wadda ta ƙi ɗaga wayar uwarta, ta kuma samo dabarar da ta buɗe bakinta. Wanda ya guje ta shekara biyu, ya kuma ba da hannunsa na dama. To, ku gaya mini, kuma kowa ya kawo dalili: hannun wa Luba za ta kama ta fita daga gidan nan?